Malama Maijidda da Gansakukar Tafkin Marke

A Gwarzo, idan ka ce kana neman Malama Maijidda, sai an tambaye ka wacce, don masu sunan suna da yawa. Amma ka ce mai kwalba, ko mai tallan goro zai nuna maka ƙofar gidan. Ba kwalba take sayarwa ba, kuma ba ta ba da magani. Malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, gajera, mai saurin tafiya, da irin muryar nan da Allah ke ba wanda ya ƙaddara wa koyar da aji mai cunkoso. Mijinta Sabi'u tela yakan ce tun da ya aure ta bai ƙara sayen batirin rediyo ba.

An haife ta a Ruwan Marke, wani ɗan ƙauye a yankin Masanawa ta ƙasar Kabo. Duk arzikin ƙauyen tafki ne guda ɗaya, wanda ba ya ƙafewa ko a tsakiyar rani. A bakinsa na gabas hanyar kasuwa ta ratsa, nan mata ke ɗiban ruwan wanki da na gini, nan kuma babanta Baƙo yake da lambun albasa da yake ba ruwa da jigo, doguwar sandar nan mai igiya da guga. A bakin yamma, ƙarƙashin itatuwan marke, nan ne mashayar shanu. Ba wanda ya san wanda ya tsara haka. An taso an tarar, aka ci gaba.

Baƙo mutum ne mai faɗa da baki, mai taushin zuciya. Yakan zagi akuya kamar ta kashe masa uba, sannan ya tsinko mata ganye. Amininsa na duniya shi ne Sajo, Bafillacen da kowane rani yake kafa mashekari a gonar Baƙo, shanu su ci kara su bar taki. Iyayensu ma haka suka yi. Ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsiya ba. Sajo ya ce Baƙo warin albasa yake, Baƙo ya ce Sajo bai san hannun da ake riƙe fartanya da shi ba. Maijidda ta girma tana kiran Sajo Baffa, kuma sai da ta yi wayo sannan ta gane ba ciki ɗaya suka fito da babanta ba.

Karatunta ya faɗo daidai shekarun ostariti, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sabulu da madara suka zama sai da layi. Maƙwabta da yawa suka mayar da 'ya'yansu gida. Baƙo ya ce tasa ba za ta dawo ba, ko da albasa kaɗai za a riƙa ci a gidan. Haka ta wuce har kwalejin horon malamai. Duk zangon karatu idan za ta koma, Sauda matar Sajo takan aiko mata da kwalbar man shanu, ta ce a gaya wa Jidda ta riƙa sa wa a tuwon makaranta, kada boko ya tsotse ta.

A kwalejin akwai ɗakin gwaje-gwaje, amma suna ne kawai. Kwalaben sinadarai duk sun bushe, madubin ganin ƙananan halittu guda ɗaya da ya rage ya yi hazo. Malaminsu na ilmin halittu, Malam Jibirin, bai zauna yana kukan babu ba. Wata safiya ya shigo aji da bokitin ruwan kududdufi kore shar, da kwalaben lemo biyu, da guduma, da 'yar toshiya ta roba da ya yanko daga tsohuwar taya. 'Yan aji suka fara dariya, wata ta ce yau Malam kanikanci zai koyar.

Ya zuba ruwan a duka biyun, ya cika ɗaya maƙil, ya cusa toshiyar, ya ɗaga guduma ya sauke mata bugu ɗaya. Nan take launin ruwan ya sauya, daga kore mai fari-fari ya koma kore mai duhu. Ya ajiye ta kusa da 'yar'uwarta da ba a buga ba, ya ci gaba da darasi kamar ba abin da ya faru. Kafin a kaɗa ƙararrawa, koren da ke cikin wadda aka buga ya kwanta a gindi, na ɗayar kuwa ya taru a wuya.

"Wannan gansakuka ce, amma ba mai zare-zare da kuka sani a jikin randa ba," in ji Malam Jibirin. "Halittu ne ƙanana ƙwarai, masu rai, ido ba ya ganin guda. Kun san goran da masunta ke kifa ciki a kai su haye ruwa? To kowace ɗaya a cikinsu tana da nata gorunan a cikin jikinta, jere kamar saƙar zuma. Kowane gora dogo ne, da tsini a kai da gindi, cikinsa fanko. Bangonsa sirara ne amma da tauri. Iska tana ratsa shi ta shiga ta fita, ruwa kuwa ba ya zama a ciki. Su suke ɗaga ta sama ta sami hasken rana. Da na buga, ruwan ya matse su suka lotse, sai ta nitse."

Ya ƙara musu da cewa da rana takan haɗa abinci daga hasken, ta yi nauyi ta sauka ƙasa, in ta kwana ta cinye abincin sai ta yi sauƙi ta taso. Shi ya sa ake ganinta da safe a neme ta da yamma a rasa. Ya kuma ja kunnensu cewa akwai irinta mai dafi, wadda in ta yi kauri dabba ta sha, hanta take ci.

Maijidda ba ta yi dariya ba ranar. Tafkin garinsu take gani a idonta, da yadda Innarta takan kaɗa ƙwarya ta kore kore-koren da ke saman ruwa kafin ta ɗiba. Abin da take takawa tun tana yarinya ashe yana da ciki, yana da dabara. Daga ranar ta ƙulla soyayya da abubuwan da ido ba ya gani, kuma ba ta warware ba har yau. Da ta fara koyarwa a Gwarzo, ta tarar da ɗakin gwaje-gwajen can ma yunwa yake ji, sai ta nemi tata gudumar da tata toshiyar. Kowace shekara sai ta buga kwalba a gaban sababbin 'yan mata, sunan ya bi ta.

Aka yi shekaru a haka, ta yi aure, ta haihu, sai ga zamanin da aka ƙaddamar da Shari'a. Ko'ina aka shiga gyare-gyare, kowane ƙauye da kwamitinsa. Na Ruwan Marke suka duba suka ga mata na ɗiban ruwa a bakin hanya, masu keke da masu jaki na wucewa suna kallo. Suka ce ba daidai ba ne, kuma niyyarsu mai kyau ce. Sai suka yanke a yi musanya: mata su koma yamma inda marke ya yi rufi, shanu su dawo gabas. An tambayi liman, an tambayi mai unguwa. Matan da ke ɗiban ruwan ne kawai ba wanda ya tuna ya tambaya.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai Baƙo ne, don sabuwar mashayar a jikin shingensa take. Ba a jima ba wata karsana ta keta ta tattake masa fangalin albasa. Ya fito yana kumfar baki, a gaban mutane ya ce, "Wallahi duk saniyar da ta ƙara zuwa nan, sai dai a ɗauke ta a amalanke!" Kowa ya san bakin Baƙo, aka yi dariya aka watse. Sajo ma dariya ya yi.

Bazara ta kama, zafi ya tsananta, tafki ya ja baya fiye da yadda ya saba. Wata safiya shanun Sajo suka sha ruwa a gabas, kafin azahar uku sun faɗi, har da wata farar saniya da yake ji da ita kamar 'yar cikinsa. Ya ce da idonsa ya ga bakin ruwan kore kamar an kwarara fenti. Da mai unguwa da dattawa suka je da la'asar, ruwa garau, ba komai. Sai aka fara haɗa ɗaya da biyu. Wa ke da famfon feshin maganin ƙwari a wajen? Baƙo. Wa aka gani yana wanke shi kwanan baya? Baƙo. Wa ya yi maganar amalanke? Maganar da aka yi wa dariya ta dawo da haƙora.

Sajo ba shi da shaida, don haka aka ce ranar Juma'a bayan an sauko, Baƙo zai dafa Alƙur'ani ya rantse. Baƙo ya ce ba zai dafa ba. Ba don yana da laifi ba. Ya ce shi da ya ci tuwo ɗaya da mutum tun suna yara, in har sai ya rantse kafin mutumin nan ya yarda da shi, to rantsuwar me za ta gyara? Amma a idon gari, wanda ya ƙi rantsuwa ya amsa laifi ke nan. Masu sayen albasarsa suka fara wucewa ta gabansa a kasuwa. Sajo kuma ya fara tuge turakan shanunsa daga gonar, ya ce in Juma'a ta wuce zai yi arewa, ba zai ƙara dawowa ba.

Labari ya iske Maijidda a makaranta, ta nemi izini ta hau motar Kabo. Ta tarar da babanta zaune a zaure, tuwo ya huce a gabansa. Mutumin da ake jin muryarsa daga bakin tafki, yau sannu da zuwa ma da ƙyar ta fito. Zuciyarta ta karye, amma ba ta yi kuka a gabansa ba.

"Baba, ka wanke famfon a tafki?"

"A lambu na wanke shi, a ramin da na saba. Ke ma tambayata za ki yi?"

"Ba zarginka nake ba, Baba. So nake in san abin da zan faɗa."

Washegari da sassafe ta sauka bakin gabas. Tun daga nesa ta ji warin, irin na ciyawar da ta jiƙe ta ruɓe. Koren ya kwanta a gaɓar ruwa, da kauri kamar kunu. Ta tsoma kara ta ɗaga, ba zare, sai ɗigo-ɗigo. Ta ɗaga gefen hijabinta ta ga inda iska ke kaɗa shi: daga yamma take busowa, tana tura duk abin da ke saman ruwa zuwa gabas. Ta tsaya tana kallon bakin yamma can ƙarƙashin marke, fes da shi. Sai ta gane abin da ya faru, haushi ya kama ta, don abin a fili yake tun fil azal.

Daga nan ruga ta nufa. Sauda ta tare ta, suka gaisa gaisuwa mai tsawo mai nauyi, ta yi mata jaje. Sajo yana gefe yana ɗaure kaya, ya ba ta baya.

"Baffa, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

Bai juyo ba ya ce, "Lafiya. Ubanki ne ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba. Baffa, da kuka farke farar, yaya hantarta take?"

Sai a sannan ya juyo. "Ta kumbura, ta yi baƙi. Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Alfarma ɗaya nake roƙo. Zan tafi da Baba Gwarzo yau, famfonsa kuma a kai wa mai unguwa ya kulle. Ka sa naka mutanen su tsare tafkin. Ran Alhamis da safe ka zo bakin gabas. In ka ga ruwa garau, ba zan ƙara cewa komai ba. Kafin nan, don Allah kada ko ɗan maraƙi ya sha a wajen."

Sajo ya koma kan ɗaurin kayansa. Sauda ce ta raka ta har bakin hanya, ta ce, "Zai zo. Tun ranar bai runtsa ba, kuma ba don shanun kaɗai ba."

Fitar da Baƙo daga gari ya fi komai wuya, don cewa ya yi za a ce ya gudu. Sai da ta haɗa shi da Allah da Annabi sannan ya shiga mota. Ta damƙa shi hannun Sabi'u, ta ɗauko jakarta ta makaranta ta komo. Ta bi ta wajen liman, ta durƙusa daga bakin zaure ta yi masa bayani. Liman dattijo ne mai sauraro. Ya ce shi abin da ya sani, ruwan da gansakuka ta sauya wa launi bai ɓaci ba, ana alwala da shi.

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam," ta ce. "Tsarkinsa ban taɓa ba. Amma tsarki daban, abin da ciki zai ɗauka daban."

Sai ya ce zai gaya wa mai unguwa a taru.

Ran Alhamis gari ya waye tsit, ba iska sosai. Maza suka taru a bakin gabas, mata suka tsaya can gefe. Koren na nan, har ya fi na da kauri, ga Baƙo a Gwarzo, ga famfo a ɗakin mai unguwa, ga samarin ruga da suka ce ba wanda ya zuba komai a ruwan. Wani daga cikin 'yan kwamiti ya yi gunagunin cewa mace ba ta jawabi a taron maza. Liman ya ce ta tsaya inda take cikin mata ta yi maganarta, in ba a ji ba a sa mai maimaitawa. Ba a buƙaci mai maimaitawa ba. Har masu wucewa a hanya sai da suka tsaya.

Ta aika wa Sajo kwalabe biyu da toshiya da guduma, ta ce shi zai ɗebo ruwan da hannunsa, shi zai buga, don kada a ce ta yi wani siddabaru. Ya ɗebo, ya toshe ɗaya, ya buga. Aka zuba ido. Ba abin da ya faru. Koren ya taru a wuyan kwalaben duka biyu kamar yana yi mata gwalo. Aka fara 'yan tari da kallon juna. Ta san in aka watse a haka, ta ƙara wa babanta kunya a kan kunya: ga mai guba, ga 'yarsa mai wasa da hankalin dattawa.

Ta ce a ɗaga mata kwalbar ta gani. Daga inda take ta hango ɗan fili tsakanin ruwa da toshiya.

"Baffa, ba ta cika ba. Iskar da ta rage a wuya ita ta shanye bugun. Ka cika ta har ta zubo, sannan ka toshe. Kuma ka buga sosai, ba ɗan maraƙi kake lallashi ba."

Wasu suka yi dariya. Sajo ya harare ta irin hararar da yake mata tana yarinya, ya cika, ya toshe, ya sauke guduma. Launin ya juya a gaban idonsa, har ya ja da baya. Aka jera kwalaben a kan dutse. A hankali, a hankali, koren ya fara sauka kamar ƙasarin koko, har saman ruwan ya washe. Ɗayar kuwa tana nan da rawaninta a wuya.

Sai ta yi musu darasin Malam Jibirin, da goran masunta da komai, da yadda take tasowa da safe ta sauka da rana, wanda shi ya sa dattawa suka zo da la'asar ba su ga komai ba. Ta ce maganin feshi in ya shiga ruwa ya gauraye ke nan, ba ya taruwa da safe ya ɓuya da yamma, ba ya nitsewa don an buga masa guduma. Wannan abu mai rai ne, a tafkin aka haife shi.

Mai unguwa ya ce, "To Malama, kin tabbata ita ta kashe shanun?"

"Ranka ya daɗe, ba zan rantse a kan abin da ban auna ba. Malamin dabbobi zai fi ni sani. Na dai san irin wannan tana kashe dabba, kuma hanta take kamawa. Abin da na tabbata shi ne ba hannun mutum ne ya zuba ta ba."

"Amma shekara da shekaru muna tare da tafkin nan, ba ta taɓa kashe ko tunkiya ba."

Kafin Maijidda ta buɗe baki, wata tsohuwa mai suna Uwaliya, wadda ta fi kowa daɗewa tana ɗiban ruwa a wajen, ta ce daga cikin mata, "Yo da wa ke shan ruwan gabas? Kowace bazara nan iska ke tara ta. Mu muke kore ta da ƙwarya mu ɗebi na ƙasa, shi ma don wanki. Saniya tana da ƙwarya ne? Da an tambaye mu ai da mun faɗa."

'Yan kwamiti suka sunkuyar da kai, liman ya ce Inna ta yi gaskiya. Maijidda ta ƙara da abin da ba ta so faɗa ba amma ya zama dole: bana ta yi kauri ne don ruwa ya ja baya, kuma takin zamanin da ke gangarowa daga lambuna, har da na babanta, da kashin shanun da ke taruwa a gaɓa, su ne abincinta. Kowa ya ciyar da ita, ba wanda ya sani. A nan take aka yanke shanu su koma yamma, a kewaye wa mata gabas da zana, a kuma janye maganar rantsuwa. Ta waiga neman Sajo, ba ta gan shi ba. Kwalaben ma babu su a kan dutsen.

Ta koma Gwarzo da murna ta ba babanta labari, tana zaton zai yi tsalle. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ce gari ya wanke shi, ya gode. Sannan ya ce, "Amma shi Sajo fa ya yarda zan iya kashe masa shanu." Ya juya fuskarsa bango. Nan ta gane aikinta rabi ta yi, kuma sauran rabin ba na guduma ba ne.

Ran Juma'a da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Sajo ne, da sandarsa da malafarsa, mutumin da ya tsani mota kamar ciwon haƙori, ya sha ƙurar hanya tun daga Kabo. Ya shigo zaure ya zauna nesa da Baƙo. Suka gaisa kamar baƙi. Ya zaro kwalbar da ya buga daga aljihun rigarsa ya ajiye a tsakaninsu, duk ta gauraye da girgizar mota. Maijidda na daga bayan ƙofa da kwanon ruwa a hannu, ta kasa shiga ta kasa komawa.

Can Sajo ya ce, yana kallon ƙasa, "Ka tashi mu tafi. Albasarka na bushewa. Tun ranar da ka tafi nake ba ta ruwa, amma abin nan naka ya ƙi ni." Ya buɗe tafukan hannunsa. Duk sun yi kanta sun fashe, wani wurin har da jini.

Baƙo ya dubi hannun, ya daɗe yana dubansa. "Jigo?" ya ce. "Kai? Bafillace da jigo?"

"Sau biyu yana jefa ni cikin ruwa."

Dariya ta ƙwace wa Baƙo, ta haɗe da kuka, ya kama hannun nan biyu ya riƙe. Ya ce Allah ya sa dai ba a kan albasar ya faɗo ba. Maijidda ta ajiye kwanon a ƙasa ta koma ciki, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar farko. Bayan an sauko daga masallaci suka tafi tasha tare, ana jin muryar Baƙo tun daga lungu yana koya wa Sajo yadda ake riƙe igiya.

Kwalbar suka manta a zaure, ta ɗauka ta cire toshiyar ta ajiye a tagar ɗakinta. Bayan 'yan kwanaki tana shara ta ga wani siririn kore ya sake taruwa a wuya. Ta san dalili, don Malam Jibirin ya faɗa musu: goran da ya lotse ba ya sake buɗewa, amma in halittar tana da rai, sababbi take ginawa. Ta kai kwalbar aji ta nuna wa 'yan mata, ba ta ba su labarin inda ta fito ba.

Malama Maijidda ta kusa ajiye aiki yanzu. Makarantar ta sami sabon madubin ganin ƙananan halittu, ɗalibanta na da kuma sun bazu, akwai masu aikin jinya, akwai wadda ke duba ruwan sha, akwai masu buga tasu kwalbar a wasu azuzuwan. Baƙo da Sajo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Amma in rani ya yi ka bi ta Ruwan Marke, za ka ga shanun 'ya'yan Sajo a gonar 'ya'yan Baƙo, kuma a ƙarƙashin marke suke shan ruwa.